Darasi na 14: Masu Kafofin Labari da Masu Ɗauko Shi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Yawuri, ko a Yelwa ko a Wara ko a wani ƙauye na Shanga, ya san cewa tun ba a gama watsewa daga sallar asuba ba muryar rediyo take fara tashi daga rumfunan masu shayi da jiragen masunta, har ya zamana kafin hantsi talaka ya riga ya ji abin da ya auku jiya a Abuja da Landan da Birnin Ƙudus. Amma in aka tambaye shi nawa aka ware wa asibitin garinsu a kasafin kuɗin bana, ko wa aka ba kwangilar hanyar da yake bi zuwa kasuwa, sai ya ce Allahu a'alamu. Ga mutum mai hankali, mai kuri'a a hannu, wanda ake neman yardarsa duk bayan shekara 4, amma labarin nesa ya fi na ƙofar gidansa saurin isowa gare shi. Musabbabin haka yana cikin tambayoyi biyu da za mu bi a wannan darasi, watau wa ya mallaki kafar da ke ba mu labari, kuma wa ya koya wa mai ɗauko labarin aikinsa, da kuɗin wa.

Ku da kuka yi karatun zaure kun san yadda malaman hadisi suka rarraba ruwaya. Labarin da ya zo ta hanyoyi masu yawa, daga mutanen da al'ada ba ta yarda a ce sun haɗa baki a kan ƙarya ba, shi suke kira mutawatiri, kuma shi ne ke ba da yaƙini. Wanda kuwa ya zo ta hanya ɗaya, sai an tsaya an binciki maruwaicinsa, a san adalcinsa da kiyayewarsa, kafin a gina hukunci a kansa. Amma akwai wani sharaɗi da malaman suka kula da shi ƙwarai, wanda mu a yau muke sakaci da shi: in almajirai goma suka ruwaito magana, alhali dukkansu daga bakin shehi ɗaya suka karɓo ta, to, yawansu bai ƙara wa isnadin ƙarfi a wannan gaɓa ba, hanya ɗaya ce tak. Haka nan in mutum ya murɗa rediyonsa ya ji tasha biyar suna faɗin abu guda, ya kamata ya tambaya ko biyar ɗin na mutum ɗaya ne, ko kuwa takardar sanarwa ɗaya ce aka raba musu daga ofishi ɗaya, kowa ya karanta da tasa murya. Wannan taruwar kafofi a hannun mutane ƙalilan ita ce cutar da muke magana a kanta, kuma 'yar'uwar ihtikari ce, wanda shari'a ta hana a kasuwa. Manomin albasa na bakin tafkin Kainji ya san abin da ke samunsa ranar da dillali ɗaya ya kama kasuwa, ba mai taya buhu sai shi: farashi ya zama abin da ya ga dama, kuma ba wurin wanda za a kai ƙara.

A Arewa wannan taruwa ba daga attajirai ta faro ba, daga hukuma ta faro. A watan Janairu na 1939, lokacin da jita-jitar yaƙi da Jamus ta cika ƙasa, gwamnatin Turawa ta fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗora Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara, a kan editancinta, yana aiki tare da Dokta R. M. East, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da kuɗin hukuma. Wajibi ne mu yi wa wannan gida adalci, gama a cikinsa ne 'ya'yan Arewa na farko suka koyi tace labari da gyaran rubutu da jera baƙi da sarrafa injin ɗab'i, a cikinsa ne aka daidaita ƙa'idar rubutun boko da kuke koyo a wannan aji, kuma ta shafin wasiƙun jaridarsa ne malamin makaranta da akawun En'e suka fara sanin cewa ana iya rubuta koke a buga shi jama'a su karanta. Sa'ad da aka ɗaura Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sai aka ƙara da ƙananan jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Bazazzaga ta Zariya, da Zaruma ta Lardin Sakkwato, wanda Yawuri take cikinsa a wancan zamani, domin dattijon da ya gama ajin yamma irin naku ya sami abin karantawa kada karatunsa ya zube. Duk wannan da dukiyar jama'a aka yi shi, kuma ya yi albarka.

Sai dai mai gidan ɗaya ne. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, mutanen Malam Aminu Kano suka ga ƙofar jaridar hukuma ta yi musu ƙunci, sai suka jingina da Comet, jaridar Dokta Azikiwe da aka kawo Kano a 1949. Da babu wannan kafa ta biyu, da rabin muhawarar da aka yi a kan mulkin En'e da haraji da kotunan alƙalai ba ta shiga takarda ba.

Abin da wannan hali ya jawo wa ƙasar Yawuri ya bayyana a fili lokacin gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara a 1964 aka gama a 1968. Ruwa ya haura ya shanye tsibiran Kwara da fadamunta, ya binne tsohuwar Busa, aka tashi mutane wajen 44,000 daga mazaunin kakanninsu, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da sauransu. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa na rani a tsibirai da gaɓar kogi, suka wayi gari a kan tudu, cikin gidajen siminti da aka zana musu a ofis, masu siffar da ba su saba da ita ba, har waɗansu mutanen suka ƙaurace musu suka gina nasu na laka. A wannan lokaci jaridar New Nigerian, wadda ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966, ta gwamnati ce. Gaskiya ta gwamnati ce. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, na gwamnati ne. Madatsar ma ta gwamnati ce. Saboda haka labarin da ya cika kunnen ƙasa shi ne na wutar lantarki da masana'antu da ci gaba, wanda gaskiya ne a kan kansa. Amma ɗaya rabin gaskiyar, watau ta tsohon da aka ce ya bar kushewar ubansa a ƙarƙashin ruwa, da ta matar da rijiyar sabon gari ta ƙafe mata, wannan ya fi samuwa a rahotannin masu bincike na jami'o'i, da Turanci, inda masu abin ba za su taɓa karantawa ba. Ba na zargin 'yan jaridar wancan zamani da ha'inci, gama yawancinsu mutanen kirki ne. Abin da nake cewa shi ne, a cikinsu da wuya a sami wanda ke jin Gunganci ko Kambarci, kuma ko an samu, ga wa zai kai labarin da ya saɓa wa mai gidansa?

Mulkin soja ya ƙara ɗaure abin. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe New Nigerian dungum, ta kuma ɗauki kashi 60 cikin 100 na Daily Times ta Legas. A 1977 aka tattara gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA, a 1978 aka haɗa Rediyon Kaduna cikin Rediyon Tarayya. A 1984 aka yi Dokar Soja mai lamba 4, wadda da ita aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Sai a 1992, da Doka mai lamba 38 wadda ta kafa hukumar NBC, aka yarda wa mutum mai zaman kansa ya buɗe gidan rediyo ko talabijin. RayPower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta Kano kuwa a 2003, kuma duk wanda ya saurari yadda talakan Kano ya sami bakin magana tun daga lokacin ya san cewa wannan buɗi alheri ne babba.

Amma a lura da wanda ke iya shiga ta wannan ƙofa. Kuɗin lasisi, da na'urar watsa shiri, da dogon ƙarfen eriya, da janareto mai shan man dizal dare da rana, da albashin ma'aikata, ba abin da ƙungiyar masunta ko ta manoma za ta ɗauka ba ne. Sai attajiri, ko ɗan siyasa, ko attajirin da ke shirin zama ɗan siyasa. Wannan kuwa tsohuwar al'ada ce a Nijeriya, tun daga West African Pilot ta Azikiwe a 1937, da Tribune ta Awolowo a 1949, har zuwa Concord ta Abiola a 1980, wadda ta riƙa buga Amana da Hausa. Yanzu kuma kamfani ɗaya yakan haɗa jarida da rediyo da talabijin, ko ya jera tashoshi a jihohi da dama suna ɗaukar shiri daga ɗaki guda. Wanda ma ba ɗan siyasa ba ne, yawancin tallan da ke riƙe da gidansa daga gwamnatoci da manyan kamfanoni yake fitowa, lasisinsa kuwa, bisa ga sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999, yana rataye da amincewar Shugaban Ƙasa. A watan Agusta na 2022 hukumar NBC ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda wani shiri da ta yi a kan 'yan bindigar daji, wato masifar da ta addabi wannan yanki namu. Sai a watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba ta da hurumin cin tara, tun da ita ba kotu ba ce. Tashoshin ƙetare da muka dogara da su, BBC tun 1957, da Jamus da Amurka da Faransa daga baya, sun yi mana hidima mai yawa, amma kowacce tana da ƙasar da ke ciyar da ita, kuma ana iya toshe ta da sa hannu ɗaya, kamar yadda hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a 2023, da BBC a ƙarshen 2024. Wayar hannu ma, da ake ganin ta 'yantar da kowa, Facebook da WhatsApp da Instagram duk na kamfani ɗaya ne a Amurka.

To, ku dubi mai ɗauko labarin kansa. Galiban wakilan jaridu da tashoshin ƙasa a Birnin Kebbi suke zaune, kusa da gidan gwamnati, Yawuri kuwa tafiyar sa'o'i ce daga can. Da yawansu samari ne masu himma, amma akwai wanda yakan yi watanni bai ga albashi ba, abin da ya mallaka daga wurin aikinsa katin shaida ne kawai. Ana gayyatarsa taro, ya zauna a layin baya da ɗan rikodansa, a karanta jawabi, a raba takardar jawabin, sa'an nan wani jami'i ya tsaya a bakin ƙofa da jerin sunaye da ambulan, kowa ya sa hannu ya karɓi abin da ake kira kuɗin mota. Da wannan kuɗi zai sayi mai, ya sayi katin waya da zai aika labarin, ya kai cefane gida. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka ce masa ya tafi Ngaski da kuɗin aljihunsa ya kwana biyu yana ƙidaya azuzuwan da rufinsu ya yaye, an ɗora masa abin da ba ya iyawa. In kuwa ya yi ta maza ya je, wa ya koya masa karanta takardar kasafi har ya gane inda aka rubuta an gyara ajin da ke gabansa a rushe?

Shekarar 2021 ta nuna mana sakamakon wannan har sau biyu cikin wata guda. Ranar 26 ga Mayu wani jirgin ruwa da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja ya nufo Wara, ɗauke da mutane fiye da 150, ya tsage ya nutse, waɗanda aka ceto da rai 20 da 'yan kai ne. Ranar 17 ga Yuni kuma 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, 'yan matan ƙarshe ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. A duka biyun sunan Yawuri ya zaga duniya, wakilai suka zo, aka ɗauki hotuna, aka koma. Amma lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da rashin rigar ceto, da kututturan itatuwan da tafki ya shanye suna nan a ƙarƙashin ruwa, duk mai sayar da ƙosai a bakin tashar jirgi ta san da su shekara da shekaru kafin wannan rana. Labarin da zai ceci rai shi ne wanda ake bayarwa tun jirgi bai kife ba, ana maimaita shi mako bayan mako har hukuma ta gaji ta motsa, kuma ba mai iya wannan sai ɗan gari, mazauni. Haka nan hukumar HYPPADEC, da aka yi dokarta a 2010 domin raya garuruwan da madatsun ruwa suka shafa, sai da ta shafe kusan shekara 10 kafin ta fara aiki; da a ce akwai masu tambaya a kai a kai daga bakin tafkin nan, ina kyautata zaton jinkirin da bai kai haka ba.

Ra'ayina a nan, wanda nake so ku auna shi da hankalinku, shi ne samar da masu wannan aiki farilla ce ta kifaya a kan al'umma, kamar samar da alƙali da likita da mai wankan gawa: in wasu suka tsaya da ita an sauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati domin ta riƙa ba jama'a bahasin abin da take yi, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa mutum amana a hana shi guzurinta. Tun da kasuwa ba za ta horar da ɗan Shanga ya zauna a Shanga ba, gama babu riba a ciki, to, ya zama haƙƙi a kan baitulmali. Ƙasar nan ta riga ta yarda da asalin wannan ƙa'ida, domin da kuɗin jama'a ake gudanar da makarantar horarwa ta Rediyon Tarayya a Legas, da Kwalejin Talabijin ta NTA a Jos, da sassan koyon aikin jarida na jami'o'i irin su Bayero. Abin da ya rage shi ne guraben su iso ga 'ya'yan masunta da manoma, maza da mata, masu jin harsunan wannan ƙasa.

Na san wani dattijo a cikinku zai ce, Malam, ai ka gama gaya mana illar jaridar hukuma, yanzu kuma ka ce hukuma ta biya kuɗin horar da mai sa mata ido. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Wannan ƙalubale ne mai nauyi, kuma tarihin da muka bi ya tabbatar da shi. Jawabinsa yana ga bambancin da fuƙaha'u suka yi tsakanin baitulmali da aljihun sarki: daga baitulmali ake biyan alƙali, amma ba a ce don haka ya yanke wa sarki hukuncin da yake so ba, abin da ke tsare shi kuwa shi ne tsarin da ya sa arzikinsa bai rataya ga fara'ar mai mulki ba. Saboda haka kuɗin horarwa ya kamata doka ta yanke shi, ya riƙa fita kowace shekara ko gwamna ya ji daɗin abin da aka rubuta ko bai ji ba. Amintattun da za su riƙe shi su fito daga malamai da ƙungiyar 'yan jarida da ƙungiyoyin sana'a da mata, littafin kuɗinsu a buɗe. Zaɓen ɗalibai kuma ya zama ta jarrabawa, ba ta takardar wani babba ba. An jarraba irin wannan a wasu wurare. A Birtaniya, tun 2017, BBC tana biyan albashin wakilai wajen 150 daga kuɗin lasisin da jama'a ke biya, amma ba a gidanta suke aiki ba, ƙananan jaridun garuruwa ne ke ɗaukarsu, aikinsu kawai halartar zaman majalisun ƙananan hukumomi, labarin da suka rubuto kuma a raba wa kafofi da yawa kyauta. A Nijar maƙwabciyarmu akwai makarantar gwamnati ta koyon aikin jarida a Yamai, ga kuma rediyoyin karkara fiye da 100 da al'ummomi ke gudanarwa da harsunansu, alhali mu a Nijeriya sai a 2015 aka ba da lasisin irinsu guda 17 na farko.

Abin da za a koya wa irin wannan ɗalibi ba sai ya yi zurfin da zai kai shi shekara 4 ba. Ya iya karanta kasafin ƙaramar hukuma da takardar kwangila. Ya san Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma wajabta a ba shi amsa cikin kwana 7. Ya san iyakar da ke tsakanin tsegumi da ƙazafi da rahoto, kada ya zubar da mutuncin bawan Allah a kan zato. Ya riƙe ƙa'idar tabbatarwa da Suratul Hujurati ta yi umurni da ita, kada ya saki magana sai ya ji daga shaidu biyu da ba su haɗa hanya ba, ya kuma nemi wanda ake zargi ya ji ta bakinsa. Ana iya yin wannan a kwalejin da ke Yelwa cikin 'yan watanni, a haɗa da zaman koyo a wani gidan rediyo. Sai dai horo kaɗai ba ya isa in wanda aka horar zai koma ya tarar da ƙofa ɗaya ce tak a buɗe. Dole a haɗa da sauƙaƙa lasisin rediyon al'umma, da iyakance yawan tashoshin da mutum ɗaya zai mallaka a yanki ɗaya, da wajabta wa kowace kafa ta bayyana sunayen masu ita.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowannenku ya zaɓi tasha ɗaya da yake saurare, ya bi labarunta na mako guda, ya rubuta a littafinsa labari nawa ne suka shafi Yawuri ko Ngaski ko Shanga, da wanda aka ji muryarsa a cikin kowanne, jami'i ne ko talaka, sa'an nan ya bincika ya gano wa ya mallaki tashar. Waɗanda hannunsu ya faɗa a rubutu kuma su haɗu su uku uku, su tsara wasiƙa zuwa ga wata hukumar tarayya da ke aiki a bakin tafki, suna neman jerin ayyukan da ta yi a gundumarsu da kuɗin kowanne. Za mu gyara wasiƙun tare a aji, mu sa kwanan wata, mu aika.